Sarƙata Ta Shaƙe Ni, Suka Ce Suga Ne

Assalamu alaikum matan da ke zaman aure a nan Dubai, da waɗanda ake shirin kawowa. Sunana Rabi. Ban yi boko mai nisa ba, wadda ta ga kuskure a rubutuna ta gyara a ranta ta wuce. Na samu sauƙi, alhamdulillahi, amma raina bai huce ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa ya huce ba.

A Al Ras muke zaune, wani ɗan fulat mai ɗaki da falo a bayan shagunan kayan yaji. Maigidana aikin kago yake yi. 'Yan kasuwa su zo daga Kano su sayi jakunkuna da takalma a kasuwar Naif, shi ya tattara musu ya kai tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali a zuba a kwantena. Ni kuma aikina tukunya. Duk wanda ya ba shi kaya, a falonmu yake cin abincin rana. Masu kago sun yi yawa a Naif, amma ba kowanne ne ke da matar da za ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka kullum ba, shi ma ya san da haka.

A nan na haifi 'yata ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, Hajiya da ke Kano, shi ya sa ba na iya faɗin sunan. Walida muke ce mata. Wadda ta yi min wankan jego ita ce Gwaggo Laure, ƙanwar mahaifinsa, 'yar kasuwar abaya ce, bini-bini tana hanya, kuma in ta zo a falonmu take sauka. Ta gasa ni da ruwan zafi yadda ya kamata, ta dama min kunun kanwa. Wannan na gode mata, ban ci hakkinta ba.

Walida ta fara zama ke nan abin ya soma. Zufa ce ta farko. Na'urar sanyi tana aiki har maigidana ya ja bargo, ni kuwa rigata sharkaf. Na faɗa masa, ya ce Dubai ce, kowa zufa yake yi. Sai yunwa. In ci malmala uku, in wanke hannu, kafin in ɗauraye kwanuka cikina ya sake kira. Duk da cin nan ramewa nake yi. Zuciyata kuma tana bugawa kamar na hau bene a guje, alhali ina zaune ina tsince shinkafa. Ga saurin fushi da ban san ni da shi ba. Cokali ya faɗi sai in ji kamar in yi kuka.

Akwai abin da na lura da shi wanda ya fi duk waɗannan tsorata ni. Awarwarona da ke cikin lefe, wanda da sai da sabulu nake cire shi, ya koma zamewa da kansa, rannan har cikin miya ya faɗa. Zobena ma haka. Amma sarƙar wuyana, wadda da take sauka har ƙashin ƙirji, sai ta dinga hawa sama tana matse ni. Ko'ina na jikina yana raguwa, wuya kaɗai yana ƙaruwa. Ni ban san sunan wannan ba, amma na san ba daidai ba ne.

Da Gwaggo ta dawo sari, tun daga bakin ƙofa ta ajiye jaka ta tsaya tana kallona.

"Ke wace irin rama ce wannan? So kike a ce ɗana yana hana ki abinci? A Dubai kike fa."

Na ce, "Gwaggo wallahi ina ci."

"To in kina ci kina ramewa ai suga ne. Kawo yatsa."

Ita tana da ciwon suga shekara da shekaru, da 'yar na'urarta take yawo a jaka. Ban daɗe da cin tuwo ba ta soke ni. Ta kalli lambar, ta juya wa maigidana ita, ta ce, "Khalas, magana ta ƙare. Ga shi nan, har ya fi nawa." Daga ranar aka gama yanke min hukunci. Na ce mata ta dubi wuyana, ta ce mai jego ai dole jijiyoyinta su tashi.

Satin da ya biyo baya maigidana ya kai ni wani ƙaramin asibiti a Deira, wanda yake karɓar irin inshorarmu. Layi har waje, yawanci leburori ne da kayan aikinsu a jiki. Muka yi zaman jira Walida tana ta kuka, ni ina jiƙe da zufa cikin dogon hijabi. Da muka shiga, likitan namiji ne, ba ya jin Hausa, ni ba na jin Turanci, Larabcina bai wuce na sayen tumatir ba. Maigidana ne bakina. Na ji ya ce suga, ya sake cewa suga. Likitan yana ta danna kwamfuta. Na ja hannun rigar maigidana na ce, "Abban Walida, faɗa masa maganar sarƙar."

Ya ce, "Likita ne fa, ba maƙeri ba. In sabuwa kike so ki bari kwantena ta isa."

Likitan ya ɗago ya tambayi me na ce, maigidana ya yi dariya ya ce ba komai. Aka ɗebi jini, aka ce sugan ya ɗan hau, aka ba ni ƙwayoyi, aka ce yalla, wato mu tashi, mai bi ya shigo. Hijabina yana rufe har haɓa tun da na shiga har na fita. Likitan bai ce in ɗaga ba, ni kuma ba zan buɗe wuya gaban namiji haka kawai ba wanda ya nema. Har yau ina jin haushin mutumin nan. Ko hannuna ya riƙe da ya ji yadda yake rawa.

Daga nan gidan ya zama kurkuku. Gwaggo ta hana ni tuwo, ta hana ni dabino, shayi ba sukari. Ta kawo acca da garin shuwaka daga cikin kayanta, safe da yamma in sha ɗaci. Ku duba, ni ce zan tuƙa wa maza cike da falo tuwo, in ji suna santi suna neman ƙari, ni kuma in koma kicin da 'yar acca a kofi, ga goyo yana tsotsa, ga wutar yunwar nan a cikina. Ƙanzon tukunya nake kankarewa in ci a tsaye, ina leƙen ƙofa kamar ɓarauniya. Kowace baƙuwa kuma da nata maganin. Wata ta ce habbatus sauda, wata ta ce kirfa a ruwan zafi, wata ta ce ai wannan ba na asibiti ba ne, baki ne ya kama ni don an ga ina ƙasar waje. Duk na sha. Rama sai abin da ya ƙaru.

Hajiya ta kira a bidiyo daga Kano, aka miƙo min waya. Ta daɗe tana kallona kafin ta amsa gaisuwata.

"Kada ki ƙara saka hotonki a waya, kin ji ko? Mutane suna tambayata ko ɗana ya karye ne."

Wannan maganar ce ta jawo ƙwayoyin. Zuwan Gwaggo na gaba ta fito da wata kwalbar man shafawa da aka wanke, cike da ƙananan ƙwayoyi farare, ba suna ba takarda. Ta ce maganin ƙiba ne, amare ma shi suke sha kafin biki su ciko. Na ce ba a tambayi likita ba? Ta ce, "Likitan da ya kasa mayar miki da ko tsoka ɗaya? Haɗiye, 'yar nan, kina ɓata min lokaci, Naif zan tafi."

Cikin 'yan kwanaki kumatuna suka taso, fuska ta yi zagaye. Gidan ya cika da murna. Aka ɗauke ni hoto aka tura Kano, Hajiya ta ce yanzu ta ga matar ɗanta. Ba wanda ya kalli hannuwana da suke nan kamar sillen kara. Ƙishirwa ta ƙaru, fitsari ba iyaka, idona ya fara ganin hazo-hazo. Gwaggo ta soke ni da na'urarta, lambar ta haura fiye da da. Ta ce satar tuwo nake yi. To ina yi, amma ƙanzo ne zai kai ni can?

Ranar da komai ya lalace ina yi wa Walida wanka ne da hantsi. Na ɗago ta daga baho, hannuna ya kama rawa, ga sabulu, ta zame ta koma cikin ruwan. Ba ta bugu ba, ruwan ma bai kai mata ƙirji ba, tsorata kawai ta yi ta tsala kuka. Amma Gwaggo tana tsaye a bakin banɗaki. Kafin in gama shafa wa yarinyar mai, ta riga ta kira Kano.

Lokacin Walida tana haƙori, tana ɗan zawo. Suka haɗa wannan da wancan suka ce nonon mai suga ne yake lalata mata ciki, hannuna kuma ba abin yarda ba ne. Hajiya ta ce a kawo mata takwararta ta yaye ta, in na warke a dawo da ita.

Na ce, "Ko shekara ba ta yi ba, ba ta isa yaye ba."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ji min mara kunya. A kan 'yar fari kike ɗaga murya? Mu a zamaninmu ko kallon ɗan fari ba ma yi gaban mutane. Kuma takwarar surukarki. Wa ya raine ki ne?"

Na bi maigidana ɗaki na durƙusa masa. Ya ce in yi haƙuri, shwayya shwayya, a bi a hankali, wata ɗaya ne ko biyu, shi ba zai iya yi wa Hajiya musu ba. Yana magana yana neman fasfon yarinyar a cikin durowa.

Shi da Gwaggo suka tafi da ita da safe. Na tsaya a taga ina kallon tasi har ta sha kwana wajen masu buhunan citta. Nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ni. Gwaggo ta bar min saƙon in ɗaure ƙirji da zani tamau. Na ɗaure. Kafin maigidana ya dawo daga Kano nonon ya fara ƙafewa, bayan ɗan lokaci ko ɗigo babu.

Ban daɗe da komawa tukunya ba na faɗi. Ina cikin tuƙi na ji zuciyata tana tsalle kamar za ta fito ta baki, kicin ya juya, sai farkawa na yi a motar asibiti. Wannan karon babban asibiti aka kai ni. Ina kwance ina sambatu ina kiran Innata, sai na ji wata murya a kaina ta ce, "Ke Bahausa ce?"

Likita ce, mace, 'yar Sudan. Ta ce kakanninta daga ƙasar Hausa suka taso a ƙafa za su aikin hajji, suka zauna a can. Hausarta irin ta tsofaffi ce, tana gauraya ta da Larabci, amma na fahimce ta sarai. Abu na farko da ta yi, ta ce wa maigidana ya jira a waje. Na biyu ta ce, "Cire mayafin."

Ta kalli wuyana, ta kalli sarƙar da ta nutse a cikin fata. Ta ba ni ruwa ta ce in haɗiya tana kallo. Ta sa na miƙe hannuwa ta ɗora takarda a kai, takardar tana ta karkarwa. Ta ce tun yaushe? Na ba ta labarin awarwaro da sarƙa. Ita ce mutum ta farko da ta saurare shi har ƙarshe ba ta yi dariya ba. Ta tambayi duk abin da nake sha, aka aika maigidana gida ya ɗauko kwalbar Gwaggo. Da ta juye ƙwayoyin a tafin hannu, fuskarta ta canza. Ta kira shi ciki ta yi masa faɗa da Larabci, ban ji duka ba, amma na ga kansa a ƙasa.

Da sakamakon jini ya fito ta zauna a bakin gadona. Kalma ɗaya ta likitoci na riƙe, tayirod. Ta ce wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ta ce, "Ke mai girki ce ko? To ita ce mai iza wutar jiki. Taki ta iza wuta ta wuce kima, yakan faru da wasu mata bayan haihuwa. Shi ya sa kike ci yana ƙonewa, kike zufa, zuciya take gudu. In wutar ta yi yawa, abinci yana shiga jini da sauri, hanta kuma tana ta zuba sukari. Insulin, wanda aikinsa ya kwashe sukarin ya shigar da shi tsoka, sai ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa jiki ba ya buɗe masa da wuri. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, sugan ya hau, amma daga wuya abin ya taso. Waɗannan ƙwayoyin kuma su suka ƙara rufe ƙofar. Ba ƙiba suka sa miki ba, kumburi ne."

Sannan ta dubi takardata ta ce, "Ina jaririyar?"

Na ce tana Kano, an yaye ta saboda nonona.

"Wa ya ce?"

Na dubi maigidana.

Ta ce, "Nononki ba shi da laifin komai. Ko maganin da zan ɗora ki a kai yanzu, da tana nan sai ki ci gaba da ba ta, mu dinga duba ku ke da ita."

Duk wahalar da na sha, ba abin da ya yi min ciwo kamar wannan. Na juya fuska bango. Maigidana yana tsaye a wajen, ya ji da kunnensa, da Hausa aka faɗa, ba mai fassara.

Jinyar ta ɗauki watanni. Ƙwayoyin Gwaggo ma ba a bari na daina su lokaci ɗaya ba, likita ta ce yin hakan haɗari ne, a hankali ta dinga rage min. Ga maganin wuya, ga na rage gudun zuciya, ga komawa gwajin jini a kai a kai, mu hau kwalekwale mu tsallaka ruwan da ya ratsa garin mu shiga layi. Inshora ta ƙi biyan wasu gwaje-gwajen, maigidana ya biya daga aljihunsa yana mita. Zan faɗi alherinsa: satin farko shi ya yi min wanki, ya dafa min taliya duk da ta caɓe, bai taɓa barin na je asibiti ni kaɗai ba. Amma kalmar "yi haƙuri, na yi kuskure" ba ta fito daga bakinsa ba. A hankali zufa ta ragu, hannu ya tsaya, barci ya dawo. Yadda wuya yake saɓewa haka sugan yake sauka, har likita ta dakatar da maganinsa, ta ce dai a ci gaba da sa ido, in rage zaƙi, kada in yi wasa da gwaji.

'Yan uwa, abin da nake so ku ɗauka ke nan. In an ce muku suga, kuna ramewa kuna zufa zuciya tana gudu, ku ce a duba wuya. Ku nemi likita mace ku cire mayafi. Kada ku haɗiyi ƙwayar da ba ta da suna, ko wa ya ba ku. Kuma in mijinki ne bakinki a gaban likita, ki nuna wajen da yatsa, yatsa ba ya buƙatar fassara.

Da na ji ƙarfi na ce a dawo min da 'yata. Hajiya ta ce yarinya ta saba da ita, a bari ta yi wayo. Aka ce bayan salla. Salla ta wuce aka ce sanyi ake yi, ba a tafiya da yaro. A bidiyo ina kiran Walida tana wasa da ɗankwalin Hajiya, ko waigowa ba ta yi. Maigidana kullum in sha Allah.

Ran wata Asabar baƙi suka cika falo kamar kullum. Alhaji Sani mai takalma, wanda ya fi kowa ba maigidana kaya, ya ɗaga murya ya ce, "Uwargida ran gida, yau me muka samu? Tun daga Naif nake jin ƙamshin daddawa."

Na fito da tire na ajiye. Ruwa ne a jug da kofuna.

Ya yi dariya ya ce, "To, an fara da ruwa. Sai na biyu."

Na ce, "Alhaji shi ke nan. Mai tuwon tana jiran saƙo daga Kano, in ya iso za ta ɗora tukunya."

Washegari ma ruwa. Rana ta uku ma ruwa. Na dafa nawa da na maigidana daidai cikinmu, na kashe wuta. Kafin sati ya zagayo falon ya zama fayau, aka ce Alhaji Sani ya koma cin abinci gidan wani mai kago a Naif, kuma inda mutum yake cin tuwo nan kayansa suke bi. Maigidana ya shigo yana huci.

"Rabi, so kike ki kashe min kasuwa?"

Na ce, "Ni da aka kashe min nono ban ji ka yi magana ba."

Ya ɗauki waya ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ban san me ya faɗa wa Hajiya ba, ban kuma tambaya ba.

Gwaggo ce ta kawo Walida. Na buɗe ƙofa na ga yarinya tsaye da ƙafarta, an yi mata kitso, ta riƙe gefen abayar Gwaggo. Ba a gabana ta fara rarrafe ba, ba a gabana ta fara tafiya ba.

Gwaggo ta ce, "Ga kagonki ya iso, ki duba ko akwai abin da ya fashe." Ta ƙare min kallo ta ƙara da cewa, "Kin ga yadda kika murje? Ai maganina ne ya fara buɗe miki jiki."

Na ce, "Gwaggo, an kama miki ɗaki a otal ɗin bayan masallaci. Falon ya yi mana kaɗan."

Ban jira amsarta ba na durƙusa na miƙa wa Walida hannu. Ta ɓoye fuska a jikin Gwaggo ta fara kuka, irin kukan da yaro yake yi wa baƙo. Na kira ta, na yi mata 'yar waƙar da nake mata a wanka, ba ta san ta ba. Ina nan durƙushe sai sarƙata ta zamo daga cikin riga tana lilo. Kukan ya tsaya. Ta leƙo da ido ɗaya, ta saki abayar, ta tako a hankali, ta zura hannunta gaba ɗaya tsakanin sarƙar da wuyana ta ja. Akwai wuri har ya yi saura.

Ba wajena ta zo ba, wajen sarƙa ta zo, na sani. Na bar ta ta ja har ya yi min zafi, na zagaye ta da hannu ta baya a hankali don kada ta lura.

Har yanzu in ta faɗi Hajiya take kira. Likita 'yar Sudan, Allah ya saka mata da Aljanna. Sauran kuwa an ce in yafe, na ce a ba ni lokaci, sai ranar da yarinyar nan ta faɗi ta kira ni. Wadda ta karanta ta sa mu a addu'a. Wassalam.